Yadda Ake Kwantar da Takarda a Sanyi a Bar Uwa a Zafi

Kai da kake son a riƙa nuna ka da baki a unguwar Mahjar ana cewa ga mai tara kayan tarihi can, matso kusa ka ji. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, sunanka zai shiga kowane gidan suna da kowane zaman makoki a kudancin Jidda, ba tare da ka yanka ko kaza ba. Hanya ce gwadajjiya. Abdulghaffar ɗan Inna Salamatou, maƙwabcinmu na bene, shi ya share ta da kansa. Duk inda na ce maka yi kaza, to shi ya riga ya yi, mata sun gani, an kawo mini labarin da ɗuminsa.

Abin da za ka tara ba zinariya ba ce, ba darduma ba ce. Tsofaffin littattafan zane ne na 'ya'yan Nasara, waɗanda suke kira komik. Hoto ne ɗaki-ɗaki a kan takarda, ga dodo, ga ɗan fashi, magana tana fitowa daga bakin kowa cikin wani abu kamar ƙwai. Shi ke nan. Kada ka tsaya neman wata hikima a ciki, babu.

Mataki na 1: Ka haddace tarihin da za ka riƙa gajiyar da mutane da shi

Tun zamanin da kakanninmu ke sauka a tashar jirgin ruwa da ƙunshin gari a ka, can Amurka iyaye da malaman coci suka tasar wa littattafan nan. Aka riƙa tara su tsibi-tsibi a fili ana banka musu wuta. Daga baya aka kafa masu dubawa, duk littafin da ya wuce ta hannunsu sai a buga masa hatimi a kusurwa. To wanda ya fito kafin hatimin, kuma ya tsere wa wuta, shi ne abin nemanka.

Ka ji ikon Allah. A garin nan mutum in ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ganin motar 'yan sanda kaɗai ya isa ya sa shi shiga shagon da bai yi niyya ba. Takarda kuwa rashin hatimi ne sarautarta.

Abdulghaffar a wayarsa ya tsinci wannan karatu, a lokacin da ya kamata yana ƙirga kwalayen kafilinsa, wato ubangidansa, a sito. Daga ranar bai sake barin kowa ya huta ba. An je gaisuwar rasuwa, ana Allah ya jiƙan rai, shi yana gefe ya tsare wani dattijo yana cewa, “Ya ammi, ka san a alif ɗari tara da hamsin da wani abu...” Dattijon ya miƙe wai zai sake alwala, bai dawo ba har yau.

Mataki na 2: Ka jira ranar da mutane ke kuka

Kaya irin wannan ba a kanti ake samunsa ba. A ƙasan adakar tsofaffi yake. Ma'aikatan jirgin Nasara kan miƙa wa 'yan dakon tasha littattafan in sun gama da su, su kuma su shimfiɗe a gindin adaka don kada tsatsa ta ci musu riga. Adakar kuwa ba ta buɗuwa har ƙasa sai ranar mutuwa ko ranar tashi.

Shi Abdulghaffar sai Allah ya kawo masa rushe unguwarsu ta Karantina. Ana fesa wa bango jan fenti, mata na ɗaure tukwane suna share hawaye da gefen mayafi, shi yana bin lungu-lungu da fuskar tausayi, wai ya zo taya dattawa ɗaukar kaya. Haka ya faɗa wa Baba Nomau, tsohon ɗan dako da ƙusumbi ya riga ya gama da bayansa.

“Sannu Baba, Allah ya musanya da mafi alheri. Kawo adakar in kama maka. Af, wannan takardar ta ƙasa fa, tana da amfani?”

Tsoho ya ce, “Ɗauki, ɗan nan. Gidan ma an ɗauke, balle takarda.”

A nan ya samo sarkin littattafansa, wani mai hoton kada sanye da hular kyaftin ya cafke wani Bature a ƙafa. Babu hatimi, babu yagewa. Yana zare shi sai ya tuna wai kafili na nemansa. Adakar tana nan tsakiyar hanya inda ya dire ta, Baba Nomau yana zaune a kai yana jiran mai imani.

Masu iya magana sun ce faɗuwar wani tashin wani. Ba su ce ka tsaya ka ɗaga wanda ya faɗi ba, kai ma kada ka ƙara musu.

Mataki na 3: Ka zaɓa musu ɗaki

Nan ne ake gane mai tarawa na gaske da ɗan koyo. Laimar Jidda ba ta barin takarda. Ƙarfe ma tana cin sa, balle abin da ya girmi uwarka. Dole littattafanka su sami ɗaki mai mukayyif, na'urar sanyin nan, tana huri dare da rana.

Da aka tashe su daga Karantina, gidan da suka kama a Mahjar ɗaki biyu ne da wani siririn lungu tsakanin kicin da banɗaki. Ɗaya na Abdulghaffar da matarsa Tahani, ɗaya na Inna Salamatou. Ya fara gwada shigar da kwalayen littattafan ɗakin matar. Tahani haifaffiyar Jidda ce, Hausarta ba ta fitowa sai ta ƙare Larabcin, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

“Wallah ya Abdu, ya ana ya humma. Ko ni ko su. Warin kyankyaso a ɗakina? Halas, na gama magana.”

To ka ga an rage saura ɗaki ɗaya, kuma mai shi ba ta iya riƙe ƙugu ba.

Ya sami Inna tana jan carbi. Ya durƙusa, don ba a ce ka bar ladabi ba.

“Ya ummi, na ɗan lokaci ne. Ki ɗan koma lungu, zan sa miki fanka.”

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ta ce, “Kai wannan, ɗakin ba zai ɗauke mu ni da su ba? Ni fa tabarma ɗaya ce.”

“Ba wuri ba ne, ummi. Kina turaren wuta, hayaƙi na ɓata su. Kina cin goro. Numfashin mutum ma laima ne.”

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi kwalayen. Ta ce, “To. Numfashin ne dai ban san inda zan kai shi ba.” Ta naɗe tabarmarta ta fita.

Ka lura, Inna Salamatou tana da hawan jini, wanda ita take kira tansiyo tun daga Damagaram. Zafi na kumbura mata ƙafa har takalmi ya ƙi shiga. Kada wannan ya dame ka. Ƙafa tana kumbura ta saɓe. Takarda in ta kumbura ta tafi ke nan.

Mataki na 4: Kada ka karanta

Kowane littafi ka zura shi a leda, ka manne bakin. In za ka taɓa, ka sa farar safar hannu irin ta masu wankan gawa. Ka ɗaga shi a hankali, ka yi ajiyar zuciya, ka mayar.

Karatu kuwa na jahilai ne. Abdulghaffar Turancinsa bai wuce na jikin kwali ba, wanda ke nuna ina ne sama ina ne ƙasa, kuma bai taɓa rage masa komai ba. Tahani ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin ya riƙe wani abu da irin wannan lallami ba, har da ita, har da jaririnsu ranar suna.

Mataki na 5: Ka toshe kunnenka

Mata za su zo gaishe da tsohuwa. Za su same ta a lungu, zufa na bin wuyanta, fanka na juyo mata tururin kicin, ga ƙofar ɗaki a kulle sanyi na tsiyayowa ta ƙasa. Za su ga ta matsar da tabarmarta daidai wannan tsagar, ta miƙa ƙafafun wajen. Za su kalli juna.

Kada ka ji tsoro, uwa ce za ta rufa maka asiri da kanta. Inna Salamatou cewa take, “Ni na zaɓa. Sanyin nan na sa mini ciwon gwiwa.” Matan su ce Allah sarki, su sauko bene, kafin su kai ƙasa an gama yi masa wankin babban bargo.

Wata Juma'a ana tsakar zafi ta tashi za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta, ta zube a bakin banɗaki. Tahani ce ta yi kururuwa aka kai ta asibiti. Likita ya ce jinin ya hau ƙwarai, a kiyaye ta da zafi, in ba haka ba faɗuwa ta gaba ba lallai ta tashi da ƙafafunta ba.

A irin wannan rana raggon mai tarawa yake karaya ya buɗe ɗaki. Abdulghaffar namiji ne. Ya shiga kasuwa ya sayo fanka wadda ta fi ta da girma.

Mataki na 6: Ka yi wa tsohuwa bayani, don ta san darajar abin da ya kore ta

Maganar mutane ta fara isarsa, har limamin masallacinsu ya yi huɗuba a kan haƙƙin iyaye yana kallon sahun da yake. Sai ya ga laifin duk na rashin ilimi ne. In Inna ta fahimci abin da ke ɗakin, ita da kanta za ta yi alfahari da lungunta. Ya buɗe ƙofa, ya kamo hannunta ya shigo da ita ziyara.

Tsohuwa ta tsaya tsakiyar ɗakinta na da, ta lumshe ido, sanyi na ratsa ta. Shi kuwa ya sa safa yana ta zuba.

“Kin ga waɗannan, ummi? 'Yan'uwansu dubbai aka ƙona. Waɗannan ne suka tsira.”

“Wa ya ƙona?”

“Nasara da kansu.”

Ta buɗe ido. “Nasara suka ƙona takardarsu? Su da ko rasit ba sa yarwa? Me ta yi musu?”

“Tsoronta suka ji. Manyan likitocinsu suka ce duk yaron da abin nan ya shiga kansa, kan juyawa yake. Yaro mai hankali sai ya zama wani mutum daban, iyayensa ma su kasa gane shi.”

“Takardar ce ke juya kan yaro?”

“Ita fa.”

“Kowane irin yaro? Ko da ya yi gemu?”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Ya ummi, ke dai!”

Ta matso kusa da kantar da ya jera su, hannunta a baya kamar mai duba akuya a kasuwa. “A cikinsu wanne ya fi ƙarfi?”

Daɗi ya kama shi, yau ga wanda ya tambaye shi da kansa. Ya ɗauko mai kada da hannu biyu. “Wannan. Irinsa aka fara jefawa a wuta. Duk Jidda ban jin akwai na biyunsa.”

Ta daɗe tana kallon kadan. Ta ce, “Allah mai iko.”

Ya ce, “Yalla ummi, mu fita, ƙofa a buɗe sanyi na zubewa.”

Mataki na 7: Ka tafi aiki da kwanciyar hankali

Mabuɗin ka ba matarka ajiya, ka ja mata kunne. Tahani ta rantse ba ta ba kowa ba. Ta dai ce ta ajiye shi a kan firji ta shiga wanka, kuma wankan ya ɗan yi tsawo.

Abin da Abdulghaffar ya manta, don a Jidda aka haife shi, shi ne inda uwarsa ta fito ba a zura takarda mai ƙarfi a leda a zauna ana kallo. Rubutu in yana da asiri, wanke shi ake a sha. Inna Salamatou ta yi lissafinta daidai: abin da ke karkatar da miƙaƙƙen kai, in ya sami karkatacce ai sai ya miƙar da shi. Kuma ga ɗa a gida da iyayensa suka kasa gane shi tun kafin ya sha komai.

Ta zare mai kada daga ledarsa, ta yi bisimilla, ta yayyaga shi a ruwan ɗumi. Da ya jiƙu ta kirɓa shi a turmi, ta tace da rariya, ta dama kunun tsamiya da ruwan, ta zuba sukari ba ƙyashi. Tahani ta leƙo ta ga kunu ya yi wani kore-kore, ta ce, “Khala, esh hada? Inna, mene ne wannan?” Tsohuwa ta ce magani ne na maza. Tahani ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, an ce har da cusa fuska a filo.

Ya dawo la'asar a gajiye, yunwa na cin sa. Ta miƙa masa kwano.

“Ummi, yau kunun da ɗan ɗaci-ɗaci.”

“Sha, ɗan nan. Na gida ne.”

Ya shanye, ya siɗe ludayi, ya nemi ƙari. Ta ƙara masa har da na gindin tukunya, inda ya fi kauri. Ya yi gyatsa ya yi hamdala, ya wanke hannu, ya sa safa, ya shiga gaida littattafansa kamar kullum.

Ihun da ya yi, mai shagon ƙasa ya ɗauka gobara ce. Ya fito da leda a hannu, an ninke ta tsaf, don Inna ba ta wulaƙanta leda mai kyau.

“Ummi! Ina mai kada? Wa ya shiga? Ina yake?”

Tana zaune a tabarmarta tana ɓare goro. Ta ce, “Yana cikinka.”

“Na'am?”

“Kai ka ce shi ya fi ƙarfi. Da ƙaramin zan ba ka?”

Mataki na 8: Ka kwanta

Ban san ko Nasara sun yi gaskiya a kan kai ba, amma a kan ciki ba su faɗi rabin labari ba. Tawadar da ta girmi mai shan ta, da ƙurar Karantina, da abin da kyankyasai suka bari a adakar Baba Nomau, duk suka haɗu suka yi taro a cikin Abdulghaffar. Tsakanin gado da banɗaki ya yi safa da marwa har ƙafarsa ta daina ɗaukarsa. Likita ya ba shi ruwan gishiri, ya ce a kwantar da shi wuri mai sanyi, a sami mai kula da shi.

Tahani ta ce ita da jariri ba za su kwana da wannan hali ba, a kai shi wajen 'yan'uwansa na takarda. Aka shimfiɗe shi a ɗakin littattafai. Mai jinya kuwa wa ya fi uwa? Inna Salamatou ta shigo da tabarmarta. Ta koma ta ɗauko buta. Ta koma ta ɗauko kwanon goro, da carbi, da kaskon turaren wuta, don ɗakin majinyaci sai da turare. Yana kwance yana kallon hayaƙi na bin ledojinsa ɗaya bayan ɗaya, ba shi da ƙarfin ɗaga yatsa. Ta riƙa shafa masa kai tana tofa masa addu'a, tana numfashinta son ranta.

Da ya warke ya fara zama, ya yi gyaran murya.

“Ummi, alhamdu lillahi, na ji sauƙi. Ina ganin yanzu za ki iya...”

“Madalla. Cikin ya warke. Kan ne ban tabbata ba.” Ta ɗaga ido ta bi kantar da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, kamar mai zaɓen kaza. “Magani wani lokaci ba ya kamawa a sha ɗaya. Amma Allah ya rufa asiri, ga shi nan da yawa. Wancan mai jar fuskar fa, shi ma ba hatimi ko?”

Abdulghaffar ya dubi uwarsa. Ya dubi kantar littattafan. Ya tuna a gidan nan ita ke dama kunu, ita ke kaɗa miya, ita ke haɗa shayi, kuma mutum ba ya rayuwa da biskit.

Kafin magariba shi da kansa ya kwashe su kaf, ya zuba a kwali, ya sauke su bene a kafaɗarsa ba tare da safa ba. Yanzu suna can wani saƙo a siton kafili, tsakanin buhunan shinkafa, yana zuwa ya leƙa su in an tashi cin abinci. Inna Salamatou tana ɗakinta, mukayyif na huri, takalminta ya koma shiga. In mata suka tambaye ta ciwon gwiwar da sanyi ke sa mata, sai ta ce Allah ya yaye.

Ita dai har gobe ta tsaya a kan maganin Nasara gaskiya ne, don ta gani da idonta: sha ɗaya, yaro ya dawo hayyacinsa.

Jan kunne

Alkawari na cika, duk wanda ya bi matakan nan sunansa zai zaga gari. Ban ce da wane irin suna ba. In cikinka ya ɓaci, ko matarka ta yi dogon wanka, ko liman ya kalle ka, ba ruwana, ba hannuna, ban san ka ba. Ni ba likita ba ce, ban ce kowa ya jiƙa komai ba. Matan da suke ta aiko mini tambaya ko akwai ragowar littafin don nasu 'ya'yan, ku daina, ba ni da shi, ku nemi siton da kanku. Kai kuma mai tarawa, in ka dawo gida uwarka ta miƙo maka kunu tana murmushi, ka fara leƙa kantarka kafin ka kai ludayi baki.